Kabarin Baban Dutse

Litinin, da hantsi

Zuwa ga jikata,

Assalamu alaikum. Yau na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Kumburin ƙafar hagu ya ɗan sace, tarin ma ya bar ni na yi barci, sai dai kunnuwan nan da suka daina aiki tun tuni. Shi ya sa kika ga takarda maimakon waya. In aka kira ni sai in yi ta "na'am, na'am" har mai kiran ya gaji ya kashe.

Ina fata kina lafiya, ke da yara da wancan mutumin da ya ƙwace mini ke. Wataƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ne ɗan baffan kakanki, dogon tsohon nan mai tabarau da ya zauna bakin ƙofa ranar aurenki, wanda kika ce ya tsufa da yawa, ba kya so. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshin asibitin da kike aiki.

Ga abin da ya sa na dame ki. Maƙwabciyata, matar direba, takan kawo mini tsofaffin jaridu don ta san ba na iya zama ba karatu. A cikin ɗaya na ga sanarwa cewa za a tashi tsohuwar maƙabartar da ke bayan tashar jirgin ƙasa a garinku, za a bi da hanya ta wurin. Duk mai nasa a ciki ya je ofis ya nuna kabarin, a tone a mayar da shi sabuwar maƙabarta da sunansa. Waɗanda ba a nema ba za a haɗa su a rami guda, duwatsunsu kuma a farfasa.

Kakan mahaifina yana can. A gida Baban Dutse muke ce masa, cikakken sunansa na rubuta miki a bayan wannan takarda. Abin da na sani game da shi bai cika tafin hannu ba. Ya zo garin yana saurayi cikin ƙarni na goma sha tara, aikin dutse yake yi, bai iya karatu ba. Ya rasu a wata shekara da zazzaɓi ya share mutane, lokacin kakana yana goye. Matarsa ta ɗauki ɗanta ta koma wurin danginta, daga nan muka watsu. Na taɓa zuwa sau ɗaya da ƙuruciyata, na tarar ciyawa ta fi ni tsawo, na juyo. Yanzu kuwa daga gado zuwa ƙofa sai na huta a hanya.

Abu guda ya bar mana, wani ƙarfen sassaƙa da na gada a wurin mahaifina. A jikinsa akwai alama kamar sawun ƙafar tsuntsu da ɗigo a gefe, ga shi na zana miki. Tunda bai iya rubuta sunansa ba, ina zaton da ita aka san shi, kuma ita za a sa masa a kabari. Ki duba mini dutsen da ke ɗauke da ita.

Na san aikin asibiti ba ya barin mutum ya sosa kai. Amma na lissafa dangi kaf, babu wanda ke garin sai ke, kuma a duniya yau babu wanda ya san sunan mutumin nan sai ni. Ba na so a zuba shi rami kamar wanda bai haifu ba.

Kakanki.

Alhamis

Kaka mijina,

Wa alaikumus salam. Na tuna ka sarai, ai kai ne ka ce mini in auren bai yi daɗi ba ɗakina yana nan. Maigidan ya karanta gaisuwarka, ya ce a gaya maka ya ji, amma ba ya mayarwa. Allah ya ƙara sauƙi. Tarin nan kada ka yi masa wasa. In ƙafar ta sake kumbura ka ɗora ta kan matashi, ka rage gishiri, ka kuma je a duba ka ba sai an ja ka ba.

Kaka, na samo shi.

Jiya da na tashi daga aiki na wuce can da takalman asibiti. Katangar ta faɗi ta gefe guda, awaki ne suke kiwo a ciki, ciyawa har ƙugu. Na yi ta zagayawa da zanenka a hannu, yawancin duwatsun rubutunsu ya cinye. Har na yanke shawarar komawa gida, rana ta dafa ni, na zauna kan saiwar wata bishiya in cire ƙaya daga takalmi. Ina ɗaga kai sai ga wani dutse ya karkace a gabana, ruwa ya wanke ƙasar gindinsa, ga ƙafar tsuntsun nan da ɗigonta. Fuskar dutsen ta yi sumul kamar tsohon sabulu, ba a karanta komai, amma alamar tana nan raɗau, har na sa yatsa a ciki. Na yi masa addu'a. Ban san shi ba, amma sai da na yi hawaye, har wani mai wucewa ya tsaya ya yi mini ta'aziyya, ya tambaye ni yaushe aka yi rasuwar.

Daga nan ofis na nufa. Akawun ya dube ni sama da ƙasa, ya ce su da suke jiran tsofaffi da sanduna sai ga nas. Ya rubuta sunanmu, ya sa aka je aka shafa jan fenti a kan dutsen, haka suke yi wa duk wanda aka nema. Ya ce ba za a fara aiki ba sai ƙarshen watan gobe.

Ka kwantar da hankalinka, ka ci abinci. Matarka ta iya aika.

Jikarka.

Laraba

Jikata, amaryata,

Assalamu alaikum. Jiki da dama. Na je an duba ni kamar yadda kika umarta, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ƙara mini wata ƙwaya ƙarama. Na ce masa ba ƙarya ya yi ba, ta daɗe tana aiki ba hutu.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Da matar direba ta shigo da abinci na karanta mata, ta ce lallai wannan jika a riƙe ta da kyau. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Na rubuta wa ɗana da ke ƙetare na gaya masa, ko da yake shi amsarsa takan zo ne bayan an manta da tambayar.

Sai dai kin san tsufa, in aka rufe masa ƙofar damuwa ɗaya sai ya buɗe wata. Fentin nan, ruwa ba zai wanke shi ba? Masu tonon za su yi a hankali, ko da inji za su yi? Za a ɗauki dutsen tare da shi, ko shi kaɗai? Ki tambayar mini. Kuma in kin samu sarari, na ji a ofishin gari akwai ɗakin da ake ajiye tsofaffin littattafan jana'iza. Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin akawu a gidan waya, na san hukuma ba ta yar da takarda, sai dai ta manta inda ta ajiye. Ina so in san shekarar da ya rasu, don a rubuta a sabon wurin. Bai dace a mayar da mutum da suna kawai ba, kamar wasiƙar da ba kwanan wata.

Ba na hanzarta ki. Ki gaida yara, ki gaida ɓarawon.

Kakanki.

Asabar

Jikata,

Assalamu alaikum. Tarin ya dawo, amma ba shi ya hana ni sukuni ba. Wata ya kusa ƙarewa ban ji daga gare ki ba. Kullum in na ji motsi a ƙofa sai in ce mai kawo wasiƙa ne, in na lallaɓa na buɗe sai in tarar iska ce ko kyanwar maƙwabta.

Lafiya dai? Ko wani cikin yara ne ba lafiya? Ko takardata ce ba ta iso ba? In tambayoyina ne suka yi yawa, ki zubar da su duka, ki rubuto mini layi ɗaya cewa jan fentin yana nan. Na ga a jarida an fara kafa turaku a inda hanyar za ta bi.

Kakanki.

Talata

Kaka,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Ina rubutu a tsaye, ma'aikata biyu sun tafi hutu, ɗakin haihuwa ya cika. Na je ofis na janye sunanmu, na ce su goge fentin. Ba za mu ɗauki wancan kabarin ba. Maigidan ma ya ce hakan ya fi. Zan yi maka bayani in na samu kaina. Ka ci gaba da shan magani.

Jikarka.

Lahadi

Zuwa ga jikata,

Bayan gaisuwa. Kin ce in sha magani, ina sha.

Na samu takardarki. Na karanta da tabarau, na cire na goge na sake karantawa, ko zan ga wani layi da na tsallake. Babu. Kin janye sunanmu, kuma maigidanki ya ce hakan ya fi.

Ba zan yi jayayya da maigida a kan gidansa ba. Na san matar aure mai aiki da yara ba ta da lokacin yawo a maƙabarta saboda wani tsoho da ta gani sau ɗaya. Wataƙila ma an ce miki abin kunya ne, ko an ce mamaci ba ya sanin inda aka sa shi. Ni ma na san haka, na yi karatu gwargwado. Amma da kin gaya mini tun farko ba za ki iya ba, da na san yadda na yi, ko da a kwance ne a bayan motar maƙwabcina. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne an samo shi, an sa masa alama, sannan da hannun jininsa aka goge. Gara a ce ba a taɓa samunsa ba.

Matar direba ta ga ban taɓa abinci ba, ta tambaye ni. Na ce mata ba komai, ciki ne. Ta ce ita dai ta haifi 'ya'ya biyar, ta san ciwon ciki ta san fushi. Ta ce in jira bayanin da kika ce za ki yi. Na ce mata a ofis na tsufa, na san abin da ake nufi in an ce wa mutum za a yi masa bayani daga baya.

Ki mayar mini da zanen alamar in bai ɓace ba. Zan rubuta wa ofishin da kaina, ko da yake ban san lambar kabarin ba, kuma ban san ko za su kula takardar wanda ba zai iya zuwa ba. Na gode da wahalar da kika yi. Ba zan sake damun ki ba.

Ɗan baffan kakanki.

Juma'a

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fata jikin da sauƙi. Takardarka ta same ni a wurin aiki, na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na karanta. Yau har na koma "zuwa ga", kai kuma ka koma ɗan baffan kakana? Laifina ne, na rubuta maka rabin magana. Yau ina hutu, na tura yara gidan kakarsu, ka zauna ka ji.

Bayan takardarka ta biyu an kawo leburori suka sare ciyawar, suka kuma tone gindin duwatsun don a ji sauƙin ciro su. Na ɗauki maigidan in nuna masa kakanmu, ina ta yi masa fankama. Kafin mu kai bishiyar ya tsaya ya ce, "Wannan ba ita ce ƙafar tsuntsun taku ba?" Wani dutse ne dabam. Na duba na kusa da shi, ita ce. Na gaba ma ita ce. Kaka, layi bayan layi, kusan duk tsofaffin duwatsun wurin suna da ita, kullum a can ƙasa ta hagu, inda ƙasa ke rufewa. Wasu ana karanta sunayensu, akwai mata, akwai wani ɗan kasuwa, akwai jarirai. Baban Dutse ba magini ba ne kawai. Shi ne yake sassaƙa wa garin duwatsun kabari, alamar kuwa ta aikinsa ce, yana sa ta a duk wanda ya gama.

Muka koma kan namu mai jan fenti. Maigidan ya zuba masa ruwa, ya haska fitilar wayarsa ta gefe, sai haruffa suka ɗan fito. Yarinya ce, ba ta kai shekara goma ba. Da na bar sunanmu, da mun ɗauki 'yar mutane mun binne ta da sunan kakanmu. Abin da ya ce ya fi ke nan, ba hana ni ya yi ba. Shi ne ma yake kai ni.

Na je ɗakin tsofaffin littattafan. Yana ƙarƙashin ofishin gari, warin ruma kamar ya kayar da mutum. A littafin jana'iza sunan da ka rubuto mini yana nan a gefen shafi, shekara da shekaru, kusa da sunayen mutane, an rubuta shi ne ya yi dutsen. Da aka zo shekarar zazzaɓin sai rubutun ya lalace, kamar mai gudu. Daga tsakiyarta ma aka daina sa suna, sai dai a ce yau an binne mutum kaza. Bayan wannan shekara sunansa bai sake fitowa ba. Yana cikin waɗancan shafukan da ba suna.

Amma akwai abu guda. Waɗanda zazzaɓin ya kashe a jikin katangar baya aka binne su, kuma duk wurin babu dutse sai ɗaya. Irin nasa ne, da lanƙwasar da yake yi wa duwatsunsa ta sama. An goge fuskarsa, an ja siraran layuka inda haruffa za su zauna, amma babu harafi ko ɗaya, babu alama a ƙasa. Na zauna gabansa na daɗe. Ina ganin wanda yake cikin yi ne ciwon ya kama shi, da ya rasu babu mai sassaƙa masa, sai matarsa ta sa aka ɗauko abin da ke wurin aikinsa aka kafa masa. Wa kuma zai samu dutse a irin wannan shekara? Ba ni da hujja, Kaka, zato ne.

Na gaya wa shugaban ofishin. Ya ce kabarin da ba suna ba a ba da shi da maganar jika, sai babban dangi ya zo da kansa ya tsaya ya faɗi abin da ya sani. Don haka ranar Asabar ta sama zan zo da mota in ɗauke ka, ka kwana biyu a gidanmu, Litinin mu je. Zan taho da abin awon jini, in ban yarda da kai ba ba inda za ka.

Zanenka kuwa ba na mayarwa.

Jikarka, kuma matarka har yanzu.

Laraba

Jikata, amaryata,

Assalamu alaikum. Numfashi yana ɗan yi mini wuya in na kwanta, sai na jingina. Ban da wannan lafiya lau.

Ki yafe mini. Da ana iya bin wasiƙa a ƙwato ta, da na bi waccan da rarrafe. Ki ba maigidanki haƙuri, ki ce masa na bar masa ke har abada, ya ci halaliyarsa. Matar direba ta ce yanzu ta gane maganin ciwon cikina a gidan waya ake sayar da shi.

Tun da na karanta ban daina tunani ba. Mutumin da bai iya karanta sunansa ba shi ne ya rubuta sunan kowa a garin. Ina jin wani ne yake rubuta masa a takarda, shi kuma ya ja layi ya kwaikwayi siffar haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zanen fure. Kuskure ɗaya dutse ya lalace. Ni da nake alfahari da kyan rubutuna, ashe gado na yi.

Ga abin da ke damuna. In shugaban ofishin ya ce in rantse Baban Dutse ne a wancan kabarin, ba zan iya ba. Zai yiwu dutsen na wani ne da aka biya aikin ba a gama ba, danginsa suka ɗauka haka nan. Mun kusa ɗaukar 'yar mutane sau ɗaya, ina tsoron mu sake. Zan faɗi abin da na sani kawai, in nuna ƙarfen, in ce zato muke yi mai ƙarfi. In ya ƙi fa? Kin san halinsa, ki gaya mini ko mai sauraro ne.

Tafiyar ma tana ba ni tsoro, rabona da mota mai nisa tun rasuwar matata. Amma na sa an wanke mini rigar fita, wanzami zai zo jibi. Ina so ki bi da ni layi-layi in ga aikinsa kafin a farfasa, ko da a kan kujera za a tura ni. An share ɗaki, ko za ki huta kafin mu juya. Ƙofar gidan koriya ce, tana kallon shagon mai gyaran keke. Ki buga da ƙarfi, kin san kunnuwan.

Sai Asabar, in Allah ya kai mu.

Kakanki.

Juma'a, da rana

Kaka,

Gaisuwa. Ina rubuta wannan a kan gwiwata a maƙabarta. Injin tono ya iso jiya, kafin lokacin da suka faɗa, kuma daga katangar baya suka fara don ta nan hanyar ta ɓullo. Allah ya sa na biyo in duba. Shugaban leburorin ya ce duk abin da ba jan fenti rami guda za shi, shi umarni aka ba shi. Na zauna a kan kabarin mai dutsen nan marar rubutu. Ya ce in tashi, na ce sai dai ya haɗa da ni. Ya yi ta faɗa, daga baya ya ce shi ba ya son fitina da mata, ba zai tona inda dangi ke zaune ba, amma ranar da ya zo bai ga kowa ba shi ke nan.

Shugaban ofishin ya yi tafiya, sai farkon mako. Na same shi a waya, ya ce tunda abin ya zo haka zai karɓi sa hannuna a madadinka in ya dawo. Kafin nan ni da maigidan muke karɓa-karɓar zama a wurin, shi kuma gobe yana aiki. Don haka ba zan iya zuwa gobe ba. Na kira lambar matar direba har na gaji, ba ta shiga. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka kafin ka zauna jirana. Da an mayar da kabarin sabuwar maƙabarta zan taho in gaya maka da bakina.

Jikarka.

Asabar, da yamma

Jikata,

Assalamu alaikum. Yau jikin ba daɗi. Ƙafafun biyu sun kumbura, takalmin fita ya ƙi shiga sai da na taka bayansa. Rubutun ma ya karkace, ki yi haƙuri.

Tun da safe na shirya. Na sa rigar, na haɗa magunguna a jaka, na fito da kujera bakin ƙofa don kada ki buga ban ji ba. Mai gyaran keke ya tambaye ni ko ɗaurin aure za ni, na ce jikata ce za ta zo ta ɗauke ni. Duk motar da ta rage gudu sai ya ɗago kai ya dube ni. Da rana ta take ya daina ɗagowa. Matar direba ta tafi ƙauyensu jinyar uwarta tun shekaranjiya, ta bar mini abinci na mutum biyu a rufe. Ba wanda zan sa ya kira ki.

Na yi ta saƙe-saƙe. Ko hanya ce, Allah ya kiyaye. Ko asibiti ne suka riƙe ki. Ko kuwa waccan takardar tawa ce ba ta gama fita daga ranki ba, kika ce kin yafe don kunya. In ita ce, kina da gaskiya.

Zaman nan na yau ya sa na yi wani tunani. In maganar ofis ce ta yi miki nauyi, ki bar ta. Mutumin nan ya fi shekara ɗari yana kwance ba suna, bai kai ƙarar kowa ba. In an haɗa shi da waɗanda suka mutu tare, ai maƙwabtansa ne, ya san su sun san shi. Ni ne na ɗora miki kaya don in ji na yi wani abu kafin in tafi. Na sauke miki. Ki bar dutsen, ki zo ke kaɗai, ko ba mota, ko na yini ɗaya ne. Ki zo da yaran in zai yiwu, in gaya musu sunansa su riƙe. Ina so in ga wani nawa a ɗakin nan. Kada ki daɗe, ba don ina tsorata ki ba.

Ban san wa zai kai mini wannan gidan waya ba. Zan roƙi mai gyaran keke ranar Litinin.

Kakanki.

Na sake fita na zauna har ya rufe shagonsa, ya taimake ni shigo da kujerar. Ba ki zo ba. Ban cire rigar ba tukuna.